Ba Zan Buga Hatimi a Kan Aikin da Ba a Yi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu in fitar da wata magana da ta kwana biyu tana cin raina. Ni ba marubuci ba ne. Mai gyaran injinan lantarki ne da haɗa sola a yankin Sharaɗa a nan Kano, don haka in ka ga rubutun ya karkace a yi mini uzuri, hannun ya fi sabawa da filaya da sukudireba.

Sati uku da suka wuce wani maƙwabcina, mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci shekara da shekaru, ya same ni a shago bayan La'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya zaro wani littafi daga cikin leda ya ɗora mini a kan benci. Logbuk ne, wato littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya yi a wurin koyon aiki, na ɗansa, wanda ke aji huɗu a jami'a yana karanta injiniyancin lantarki. An tura su koyon aiki na wata shida, sati goma sha biyar sun shuɗe, yaron bai taka ko'ina ba. Amma shafukan a cike suke taf, da rubutu mai kyau har da zane. Ya ce, "Injiniya, taimako za ka yi, ka sa masa hannu ka buga hatimin shago. Ka san halin da ake ciki."

Na buɗe littafin. A sati na uku wai ya taya naɗa koyil ɗin wani inji mai ƙarfin doki ashirin. A sati na bakwai wai ya haɗa sola a wani asibiti. Na ce, "Malam, yaron nan ko ƙofar shagon nan ya sani?" Ya yi dariya ya ce ai kowa haka yake yi. Na ce masa in yaron zai zo gobe da ƙarfe takwas, zan karɓe shi hannu bibbiyu, in koya masa iya abin da Allah ya sanar da ni a satuttukan da suka rage, in sa hannu a kansu. Amma waɗanda suka wuce, ba ni. Ya mayar da littafinsa cikin leda ya tafi. Tun ranar gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Ban rubuto don in kai ƙararsa ba, mutumin kirki ne, son ɗansa ne ya kawo shi. Na rubuto ne saboda a shekara ina ganin irin wannan littafin ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, kuma da yawa daga iyayen da ke kawowa ba su san mene ne ake sayarwa da wannan hatimin ba.

Wannan shirin tura ɗalibai koyon aiki da ake kira SIWES, wanda yara suka fi kira IT, ba jiya aka fara shi ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971, hedikwatarsa na Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da wannan shirin, saboda masu masana'antu na kukan cewa ana yaye musu ɗalibai masu takarda waɗanda ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Ɗan jami'a kan yi wata shida, ɗan foli mai neman ƙaramar difloma da ɗan kwalejin ilimi kan yi wata huɗu. Ban da wannan, ɗan foli kan sake yin shekara guda yana aiki kafin ya koma babbar difloma. Ana ba ɗalibi logbuk ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, ubangidansa na wurin aiki ya duba ya sa hannu duk sati, malami daga makaranta ya zo ya gan shi a bakin aiki, a ƙarshe a cike takardar da ake kira Fom 8. A takarda, tsari ne da babu abin kushewa a cikinsa.

Ni ma ta nan na bi. A farkon shekarun 1990 na yi nawa wata huɗun a wata masaƙa a nan Kano, lokacin da in aka tashi daga aiki a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an tashi daga Idi. Aka haɗa ni da wani dattijo Bayarabe mai kula da injinan ɗakin saƙa. Satin farko bai bar ni na taɓa komai ba sai tsumma da buroshi. Ya ce in goge injin, in saurari kukansa, in ɗora bayan hannu in ji zafinsa. Na ji haushi ƙwarai, ni da nake ganin na haddace dokar Ohm, tushen lissafin lantarki. Sai a sati na biyar wani inji ya canza kuka, na ce masa baba, boris ɗin wancan ya kusa tafiya. Ya je ya duba, ya dawo bai ce uffan ba, ya miƙo mini sifana. Yau fiye da shekara talatin ke nan, da kunnen da ya buɗe mini nake ciyar da gidana.

To, waɗancan wuraren sun yi ƙaranci. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya tun 2002, kuma duk wanda ya zaga Kakuri ko ya shiga lungunan Sharaɗa ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye. Makarantu kuwa sai ƙaruwa suke, ɗalibai na ninkuwa. Yaro zai ɗauki takardar makaranta ya bi kamfani biyar, shida, mai gadi ma ba zai bar shi ya wuce get ba. Mai uba a gindin murhu an kira waya an sama masa wuri a Abuja. Saura kuma su faɗa sakatariya, inda mai karanta kimiyyar sinadarai zai yi wata shida yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana sayo wa oga ƙosai. Wanda ya ga haka ya ce gara ya zauna a gida ya nemi mai hatimi, ban ce ya yi daidai ba, amma na san inda tunanin ya samo asali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Alawus ɗin da aka san ana ba ɗalibin SIWES naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 na wata shida, kuma ba a hannu yake zuwa lokacin da ake aikin ba, sai bayan an gama an tattara takardu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, mai bautar ƙasa kuma ya fara karɓar 77,000 a 2025. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗalibin da zai taso daga Hotoro ko Rijiyar Zaki ya zo Sharaɗa a adaidaita sahu ya koma, alawus ɗin wata guda ba zai kai shi kwana uku ba. Ina kira ga gwamnatin tarayya da 'yan majalisarmu su dubi wannan adadi da idon basira, kuma a riƙa biya wata-wata yaro na bakin aiki. Kuɗin motar da ya zo bayan an gama tafiya, me zai yi wa matafiyi?

Duk da haka, Malam Edita, na ga abin da watannin nan ke yi wa wanda ya riƙe su da gaske, kuma shi ya sa na kafe.

Shekaru huɗu da suka wuce wata yarinya 'yar foli ta zo mini da takarda, yayanta na biye da ita. Ta ce ta bi wurare bakwai ba a ɗauke ta ba. Gaskiya na so in ce mata babu wuri. Shagona maza ne zalla, ga baƙin mai, ga hawa rufin kwano. Yayan ya ce sharaɗin mahaifiyarsu ɗaya ne, ta riƙa komawa gida kafin Magariba. Na ce to, ta zo mu gani. Ranar farko na miƙa mata mita na ce ta auna mini wani batir. Ta murɗa mitar ta kai wajen awon wutar NEPA, ta ɗora, ba ta ga komai ba, ta ce batirin ya mutu. Yarana suka fashe da dariya. Na daka musu tsawa, na nuna mata inda ake murɗawa in wutar batir za a auna. Ba ta yi fushi ba. Ta fito da wani ɗan ƙaramin littafi daga jaka, ban da logbuk ɗin, ta rubuta. Wannan ɗan littafin bai ƙara barin hannunta ba. Ana naɗa koyil tana ƙirga zagaye, tana tambayar kaurin waya, tana tambayar dalilin da ya sa muke fuskantar da farantin sola kudu, da dalilin da ya sa wutarsa ke raguwa da hunturu in ƙura ta rufe shi. Wata tambayar ni kaina sai na yi shiru na lalubo amsa.

A sati na shida wani manomi daga wajen Kura ya kawo injin rijiyar burtsatse, irin wanda ake kira sumo, ya ƙone. Karo na uku ke nan. Sau biyu ina naɗa masa, sau biyu yana dawowa yana harara ta kamar na ci amanarsa. Ina shirin kwance shi sai na ji muryarta daga baya: "Baba, daga janareta zuwa rijiyar taku nawa ne? Kuma wace irin waya kuka ja?" Ya ce da nisa, ya kai tsawon filin ƙwallo biyu, wayar kuwa irin siririyar nan ce ta gida, ita ce mai sauƙin kuɗi. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan kwali, ta nuna mini cewa kafin wutar ta isa rijiya ta zube a hanya, injin yana samun abin da bai ishe shi ba, sai ya riƙa jan wuta fiye da kima har ya yi zafi ya ƙone. Na san wannan, a makaranta an koya mana. Amma shekara da shekaru ina kallon abin da aka ɗora mini a benci kawai, na daina tambayar abin da ke bayansa. Muka sa manomin ya canza waya. Har yau injin bai dawo ba, shi kuwa duk kaka sai ya aiko da tumatir.

Ka ga abin da ya faru a nan. Ita ta zo da lissafin aji, ni ina da hannu da kunne, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Wannan haɗuwar ita ce dalilin kafa shirin gaba ɗaya, ba hatimi ba.

Da ta gama ƙaramar difloma ta dawo ta yi shekararta guda a wurina. Daga baya wani kamfanin sola ya kira ta intabiyu. Ta ba ni labari cewa ba su tsaya dogon Turanci ba. Batir huɗu masu bolt 12 suka ajiye, suka ce ta fitar musu da 48, ta jera su siris, wato ɗaya na bin ɗaya. Suka ce to 24 fa, ta haɗa biyu-biyu sannan ta gama su faralel, wato kafaɗa da kafaɗa. Suka tambayi ayyukan da ta taɓa yi, ta buɗe wayarta ta nuna hotuna, kowanne da kwanan wata da girman inbata da adadin faranti. Ba ta da kowa a kamfanin, mahaifinta ma ya rasu tun tana sakandare. Ita ce aka ɗauka. Ɗan talaka ba shi da wata wasiƙar babban mutum da zai shiga da ita ofis, watannin nan su ne wasiƙarsa, kuma su ne ake zuwa a ce in taya a jefar.

Kada a ce na wanke kaina da 'yan'uwana masu shaguna, don gwano ba ya jin warin jikinsa. A cikinmu akwai masu karɓar kuɗi su buga hatimi ba su taɓa ganin fuskar ɗalibi ba. Akwai masu ɗaukar yaro su mai da shi ɗan aike, daga sayo lemo sai wanke mota. Akwai masu ɓoye sana'a, in an zo wajen da asirin aikin yake sai su aiki yaro kasuwa, wai kada ya ƙwace musu kwastoma, alhali arzikin kowa daban. Akwai masu hawar da ɗan mutane rufi ba igiya ba takalmin kirki. Akwai kuma, a shaguna da ofisoshi duka, marasa tsoron Allah da ke sa iyaye su ƙi barin 'ya'yansu mata fita koyon aiki, kuma iyayen suna da hujja. Ni abin da na ɗora wa kaina kaɗan ne: ba na ɗaukar fiye da ɗalibi uku a lokaci guda, ina ba su abincin rana da ɗan abin mota ranar Asabar, kuma duk ranar Alhamis sai mun zauna da logbuk na karanta kafin in sa hannu. Ba don ina da shi da yawa ba. Wani ne ya yi mini a masaƙa.

Makarantu ma da nasu. Akwai malaman da ke zuwa duba ɗalibi da gaske, su zauna su yi masa tambayoyi a gaban inji, Allah ya saka musu. Akwai kuma wanda sai dai ya kira waya ya ce ɗalibai su tattaro littattafansu su same shi a wuri kaza. Wanda bai zo ba, ta yaya zai bambance mai aiki da mai kwafe? Sannan a daina raina ƙananan wurare. Wani malamin in ya ji ɗalibi ya ce a shago zai yi, sai ya yatsine fuska, ya fi son sunan babban kamfani ko da yaron zaman benci zai yi. Wanda ya san Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa da Farm Centre a nan Kano, ya san akwai gwanayen da injiniya mai digiri zai zauna gabansu ya ƙaru. Me zai hana kowane sashe ya fita ya zaga, ya tantance shagunan da suka cancanta, ya ajiye sunayensu, ya riƙa tura ɗalibai kai tsaye? Da an rage wa yara yawon bin get-get da takarda a hannu.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san za a tura shi a zango mai zuwa, tun yanzu ya fara nema, kuma ya je da ƙafarsa, zuwa da kai ya fi aike. Ni dai wanda ya zo da kansa ya gaishe ni ya ce ga abin da yake so ya koya, ya fi shiga raina a kan wanda aka turo mini sunansa ta waya. In ka samu wuri, ka riga maigida zuwa. Ka rubuta abin da ka yi a ranar da ka yi shi, har da kuskuren da ka tafka, don shi ne ba za ka manta ba. Ka ɗauki hoton aikinka in an ba ka izini. Ka karɓi lambar duk wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka riƙa gaishe shi ko da Sallah ne, domin yawancin ayyukan da na ga yarana sun samu, wani ne ya ce "na san wani yaro." Takardar bayanin kanka kada ta wuce shafi ɗaya, kuma a rubuta abin da hannu ya taɓa, ba jerin kalmomin yabon kai da aka kwafo daga intanet ba. Adireshin imel ɗinka ya zama sunanka na yanka, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi a majalisa ba.

Akwai ƙofofin da ake nema ba tare da an biya ko kwabo ba, amma sai in ga yaranmu ba su ma ji labarinsu ba. Akwai 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 don koyar da sana'o'in kwamfuta. Akwai shirin Jubilee Fellows na gwamnatin tarayya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke tura waɗanda suka gama bautar ƙasa kamfanoni su yi shekara guda ana biyan su. A sansanin bautar ƙasa ma akwai shirin koyon sana'a na SAED tun 2012, wanda da yawa ke mayarwa lokacin barci. Ba kowa ke samu ba, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, amma wanda bai cike ba ai ya riga ya cire kansa. Duk wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da gurbin aiki, ka riƙe kuɗinka. Na san gidan da aka sayar da fili saboda irin wannan, har yau ana jiran takardar kama aiki.

Kwana goma bayan zuwan maƙwabcina, da safe ina buɗe shago sai na ga wani saurayi tsaye a gefe da leda a hannu. Ɗan nasa ne. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baba, ni ne na zo." Ban tambaye shi ko mahaifinsa ya sani ba. Sati takwas suka rage masa. Na rubuta wa mai kula da shirin a sashensu takarda, na faɗi ranar da ya fara a wurina, na ce in sun yarda zan riƙe shi lokacin hutu ya cike abin da ya bari. Amsar ba ta zo ba tukuna. Shekaranjiya na sa shi ya haɗa wayoyin wani inji mai layi uku, ya juya biyu daga ciki, injin ya tashi yana juyawa baya. Ya tsaya yana kallona ido waje. Na ce ya kashe, ya zauna ya gano da kansa. Ya ɗauke shi kusan awa guda. Jiya Alhamis ya kawo littafin, na ga ya rubuta abin yadda ya faru, har da zanen yadda ya gyara. Na sa hannu, na buga hatimi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Mai gyaran injinan lantarki da haɗa sola,
Sharaɗa, Kano.